William Nylander, Masanin da Ya Auna Lafiyar Iska da Ɓawon Itace

1. Ƙasar sanyi

An haifi William Nylander ran 3 ga watan Janairu 1822 a garin Ulu, cikin ƙasar Finlanda. Finlanda tana can arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. A wancan zamani ba ta da mulkin kanta. Tun shekarar 1809 tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Ƙasa ce ta dazuzzuka da tafkuna. Lokacin sanyi ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, har teku ya daskare a bakin Ulu. A tsakiyar hunturu hasken rana ba ya kai awa 4, a tsakiyar lokacin zafinsu kuwa dare ba ya yin duhu sosai.

Ulu garin fatake ne a bakin teku. Mutanensa sun yi suna wajen sayar da kwaltar itace, wadda ake shafa wa jiragen ruwa don kada su ruɓe. Gidajen garin na katako ne. A shekarar da aka haifi William, gobara ta cinye mafi yawansu, sai da aka sake gina garin.

William yana da wa mai suna Fredrik, wanda aka haifa a 1820. Su biyun duka sun karanta aikin likita, su biyun kuma sun ƙware wajen sanin tsire-tsire. Jami'ar ƙasar tana Helsinki. Can aka mai da ita a 1828, bayan wata babbar gobara ta ƙone garin Turku inda take da farko. A wannan jami'a William ya yi karatu, ya sami digirin likita a 1847. Amma hankalinsa ya fi karkata ga ƙananan halittun daji.

Da tururuwa ya fara. Yakan ɗaga duwatsu, ya tone ruɓaɓɓen itace, ya kama su, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. A 1846, tun bai gama karatu ba, ya rubuta bayanin waɗansu irin jajayen tururuwa waɗanda ba a taɓa bambanta su ba. Har yau masana suna amfani da sunayen da ya ba su. Akwai ma wani dangin tururuwa da aka sa wa suna Nylanderia don tunawa da shi. Wannan aiki ya koya masa haƙuri da kaifin ido. Daga baya ya bar ƙwari, ya koma kan wata halitta da mutane ke takawa kullum ba su kula da ita ba. Sunanta liken.

2. Mene ne liken?

Wani lokaci akan ga wani tabo a jikin dutse, ko a ɓawon tsohon itace, ko a kan tsohuwar katanga. Tabon yakan zama toka-toka, ko rawaya, ko ruwan goro, ko kore mai haske. In an kankare shi da farce sai ya ɓare. Wannan tabo abu ne mai rai, shi ne ake kira liken.

Siffarsa iri uku ce. Akwai mai manne wa dutse kamar fenti. Akwai mai kama da ƙananan ganyaye, gefensa a ɗage. Akwai kuma mai rassa, wanda ke tsayawa kamar ɗan ƙaramin kurmi, ko ya yi reto daga reshen itace kamar gemun tsoho. Masana sun san iri wajen 20,000 a duniya.

Liken ba ya da saiwa, ba ya da fure, ba ya da ƙwaya. Ruwan da yake sha daga sama yake zuwa: ruwan sama, da raɓa, da hazo mai laima. In ya bushe sai ya kwanta kamar matacce, in ya jiƙe sai ya farfaɗo. Girmansa a hankali ne ƙwarai. Waɗansu iri ba sa ƙara ko milimita 1 a shekara. A arewacin Finlanda wani irin farin liken yana rufe ƙasan daji kamar tabarma. Shi ne abincin hunturu na barewar ƙanƙara, dabbar da mutanen Sami ke kiwo kamar yadda ake kiwon shanu.

Wanda ya fara tsara ilimin liken sosai shi ne Erik Acharius, wani likita ɗan Suwidin da ya mutu a 1819. Shi da idonsa da ɗan gilashin hannu ya yi yawancin aikinsa. A zamanin Nylander an riga an gyara madubin ƙara girma, wato mikroskop. Saboda haka ya iya yanka liken siriri, ya ga abin da ke cikinsa, ya auna ƴan ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su.

3. Malamin da ya bar kujerarsa

Don ya ƙara ilimi, Nylander ya riƙa zuwa Pari, babban birnin Faransa. A can akwai babban gidan adana kayan halitta, inda matafiya ke kawo busassun tsire-tsire daga ko'ina cikin duniya. Ya shafe shekaru yana buɗe takardun da aka naɗe su, yana dubawa, yana rubutawa. A 1857 ya fitar da littafi kan liken na Faransa da Aljeriya. A 1858 ya fara fitar da wani babban littafi wanda ya so ya tara dukan liken na duniya a cikinsa. Da harshen Latin yake yawancin rubutunsa, gama shi ne harshen masana a lokacin.

A 1857 jami'ar Helsinki ta naɗa shi shaihun malamin ilimin tsire-tsire. Shi ne mutum na farko da ya hau wannan kujera. Matsayi ne mai daraja, da albashi tabbatacce. Amma zaman bai yi masa daɗi ba. Helsinki ƙaramin gari ne a lokacin, nesa da manyan taskokin tsire-tsire, shi kuma mutum ne mai saurin fushi, ba ya jimre gardama. A 1863 ya ajiye aikin, ya koma Pari da zama. Bai sake riƙe wani muƙami ba har ya mutu.

Wannan shawara ta jawo masa talauci. Ba shi da albashi, sai ɗan abin da yake samu wajen tantance samfurin da ake aiko masa. Amma ta ba shi abin da yake so, wato lokaci. Ƙunshi-ƙunshi na liken suka riƙa zuwa ɗakinsa daga Kolombiya, da Japan, da Niyuzilan, da ƙarshen kudancin Amurka. Daga Afirka ma an aiko masa. A 1869 ya rubuta bayanin waɗanda Friedrich Welwitsch ya tsinto a Angola, a 1889 kuma na tsibiran Sawo Tome da Firinsife. An ƙiyasta irin da ya ba suna sun kai wajen 3,000, rubuce-rubucensa kuma sun wuce 300. Wanda ya buɗe littafin liken a yau zai ga haruffa uku, Nyl., a bayan sunaye masu yawa. Alama ce cewa shi ya fara bayyana wannan iri.

4. Ɗigon magani

Tantance liken aiki ne mai wuya. Iri biyu sukan yi kama da juna kamar tagwaye, ko a ƙarƙashin madubi. Nylander ya nemi wata hanya ta rarrabe su. A 1866 ya sanar da abin da ya gano. In aka ɗiga wa liken ɗigon ruwan fotas, wato wani ruwan toka mai ƙarfi, waɗansu iri sukan sāke launi nan take. Haka kuma in aka ɗiga musu wani magani dangin ruwan jabel da ake wanke tufafi da shi. Misali, akwai wani liken rawaya da ke yawan fitowa a kan katanga. Da fotas ya taɓa shi sai ya koma ja wur, mai duhu. Wani mai kama da shi kuwa ba ya sākewa ko kaɗan.

Dalili shi ne kowane iri yana da nasa sinadaran da yake ƙerawa a jikinsa. An san irin waɗannan sinadarai wajen 1,000 yanzu. Waɗansu masana na zamaninsa sun raina dabarar, suna ganin launi bai isa ya raba iri da iri ba. Amma dabarar ta zauna. Har yau mai nazarin liken yana fita daji da ƴan kwalabe biyu ko uku a aljihu, yana yin gwajin da Nylander ya koyar.

5. Lambun Lukzambur

A shekarar 1866 ɗin nan ya yi wani ɗan ƙaramin aiki wanda ya fi sauran ayyukansa suna a yau.

Pari na wannan lokaci birni ne da ake rushewa ana sāke ginawa. Mutanensa sun kai wajen miliyan 1 da dubu 800. Ana buɗe manyan hanyoyi, ana gina tashoshin jirgin ƙasa. Masana'antu da jiragen ƙasa da gidajen yin gas na fitilu duk da kwal suke aiki, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙasa. Hayaƙi yana ƙaruwa kowace shekara.

A kudu da kogin Sen akwai wani babban lambu da ake kira Lukzambur. An fara shi tun 1612 don wata sarauniya mai suna Marie de Médicis. Yana da manyan itatuwa jere-jere, da dakali da gumakan dutse. Nylander ya bi lambun itace bayan itace, dutse bayan dutse, yana rubuta kowane liken da ya gani. Ya sami iri wajen 40. Ya kai sakamakon ga ƙungiyar masana tsire-tsire ta Faransa, aka buga shi cikin mujallarta.

Lissafin kansa ba wani abin mamaki ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bayanin da ya haɗa da shi. Ya lura cewa yawancin liken suna gudun birane. Waɗanda suka daure suka zauna kuwa ba sa cika girma, sau da yawa ba sa haihuwa. A sauran lambunan tsakiyar Pari itatuwa kusan tsirara suke, amma a Lukzambur akwai liken. Daga nan ya yanke cewa iskar wannan unguwa ta fi ta sauran birnin kyau. Ya ƙara da cewa ana iya ɗaukar liken a matsayin ma'aunin lafiyar iska, ma'auni mai saurin ji.

Kafin shi wani Bature ɗan Ingila, Leo Grindon, ya rubuta a 1859 cewa hayaƙin masana'antu yana rage liken a kewayen Mancesta. Amma Nylander ne ya juya maganar: maimakon a tsaya ga cewa hayaƙi yana kashe liken, a dubi liken don a san halin iska. Kuma ya bar lissafi mai wuri da shekara, wanda wani zai iya dawowa ya gwada.

Shi da kansa ya dawo. A 1896, shekara 30 bayan lissafin farko, ya fitar da littafi kan liken na kewayen Pari. A ciki ya nuna cewa waɗanda ya gani a itatuwan Lukzambur sun ɓace. Itatuwan suna nan tsaye, ganyensu kore, amma ɓawonsu ya zama fayau. Iskar birnin ta lalace cikin rayuwar mutum guda, liken kuma ya nuna haka tun ba a ƙera na'urorin da ake aunawa da su yau ba.

6. Me ya sa liken ke gudun hayaƙi?

A cikin kwal akwai farar wuta. In aka ƙona kwal, farar wutar takan haɗu da iska ta zama wani gas mai shaƙe maƙogwaro. Gas ɗin yakan narke cikin ruwan sama da raɓa, ya mai da su masu tsami.

Itace yana da hanyoyin kāre kansa. Yana shan ruwa ta saiwa, ƙasa kuma tana tace ruwan. Ganyensa yana da wata fata mai santsi kamar kakin zuma, da ƴan ƙofofi da yake rufewa. Itatuwa da yawa kuma sukan zubar da ganye kowace shekara, su yi sabo. Liken ba ya da ko ɗaya cikin waɗannan. Da dukan jikinsa yake shan abin da ya sauko daga sama, mai kyau da marar kyau, kamar yadda soso ke shan ruwa. Ba ya zubar da kome. Dafin yana taruwa a jikinsa shekara da shekaru, har ya ɓata koren sinadarin da yake yin abinci da shi. Daga nan sai ya kwaɓe, ya mutu.

Ba duka suke mutuwa lokaci ɗaya ba. Masu reto kamar gemu su ne na farko, don jikinsu duka a buɗe yake ga iska. Sai masu kama da ganye. Masu manne wa ɓawo kamar fenti su suka fi daurewa. Saboda haka wanda ya san su yana iya duban itace ya gane ko hayaƙin wurin kaɗan ne ko mai yawa.

7. Gardamar da ya faɗi

Nylander ya san liken fiye da kowa a zamaninsa, amma akwai babban abu guda da ya ƙi yarda da shi.

In aka yanka liken aka duba da madubi, akan ga zare-zare farare masu yawa, a tsakaninsu kuma ƴan ƙwayoyi kore. Masana na dā sun ɗauka duka jikin tsiro ɗaya ne. A 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwis, Simon Schwendener, ya kawo wata sabuwar magana. Ya nuna cewa liken halitta biyu ce da suka haɗu. Zaren nan dangin fumfuna ne da naman kaza. Ƙwayoyin kore kuwa dangin gansakuka ne, irin wadda ke fitowa a bakin rijiya da cikin tabki. Gansakukar tana yin abinci da hasken rana. Fumfunar tana cin abincin, tana kuma riƙe ruwa, tana yi wa gansakukar rumfa.

Nylander ya ɗauki wannan magana tatsuniya. A ganinsa ƙwayoyin kore daga jikin zaren suke tsirowa. Ya yi ta rubutu da zafi yana suka, har da ba'a. Waɗansu tsofaffin masana, kamar James Crombie na Ingila, suka goyi bayansa. Amma hujjoji suka riƙa taruwa a ɗaya gefen. A 1873 Édouard Bornet, wani Bafaranshe, ya nuna cewa ƙwayoyin kore na liken iri-iri daidai suke da gansakukar da ke rayuwa ita kaɗai a waje. A 1879 Anton de Bary na Jamus ya yi bayani a kan zaman cuɗanya tsakanin halittu biyu mabambanta, ya kawo liken misali. Kafin 1890 Gaston Bonnier ya haɗa fumfuna da gansakuka a ɗakin gwaji, liken ya fito. Ko a Finlanda, wani matashin masani mai suna Edvard Vainio ya sa liken cikin dangin fumfuna a littafinsa na 1890.

Duk da haka Nylander bai sauka daga ra'ayinsa ba. Wanda ya karɓi maganar Schwendener, sai ya ɗauke shi abokin gaba. Da haka ya ɓata da abokan aiki da yawa, a Pari da sauran wurare. Mutumin da ya ga abin da idon kowa bai gani ba a ɓawon itatuwan Lukzambur, ya kasa ganin abin da ke ƙarƙashin madubinsa kullum. Schwendener ne ke da gaskiya, kuma bayaninsa ne ya sa aka gane dalilin abin da Nylander ya lura da shi: hayaƙi yana kashe gansakukar, fumfunar kuma ta rasa mai ciyar da ita.

8. Tsufa da mutuwa

Shekarunsa na ƙarshe cikin kaɗaici ya yi su. Yana zaune a ɗan ƙaramin gida a Pari, ƙunshin samfuri sun cika ko'ina. Amma bai yanke da ƙasarsa ba. Wani masani ɗan Finlanda, Johan Petter Norrlin, yakan tsinto liken a dazuzzukan arewa ya aiko masa, shi kuma ya tantance. A 1878 ya yi yarjejeniya da jami'ar Helsinki. Jami'a za ta riƙa ba shi kuɗin zaman gari kowace shekara muddin ransa, in ya mutu kuma taskarsa da littattafansa su zama nata.

Ya ci gaba da aiki har ƙarshe. Ya mutu a Pari ran 29 ga watan Maris 1899, yana da shekara 77. Aka kwashe taskarsa zuwa Helsinki. Samfurin da ke cikinta sun wuce 50,000, kowanne da ɗan rubutun hannunsa. Masana daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa dubansu, gama in ana shakkar sunan wani iri, sai an koma ga samfurin da aka fara ba sunan.

9. Abin da ya biyo baya

Bayan mutuwarsa waɗansu suka ɗauki maganar lambun Lukzambur suka faɗaɗa ta. A 1926 Rutger Sernander ya yi nazarin birnin Istokholm na Suwidin. Ya raba shi kashi uku. A tsakiya akwai inda ya kira hamadar liken, babu ko ɗaya a jikin itace. Kewaye da ita akwai yankin fama, inda ƴan iri kaɗan ke daurewa. A waje kuma akwai yankin da suke zaune lafiya. Daga baya aka zana irin wannan taswira a birane da yawa na Turai.

Hayaƙin da ke kashe liken yana kashe mutane. A watan Disamba 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan kwana 5. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, bincike na baya kuma ya nuna sun fi haka nesa. A 1956 Ingila ta kafa dokar tsabtace iska. A 1970 masana biyu, David Hawksworth da Francis Rose, suka tsara wani ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 10. Kowane hawa yana da irin liken da ake samu a cikinsa, da yawan gas ɗin farar wuta da ya dace da shi. Da wannan ma'auni ko ƴan lakkol suna iya duban itatuwan unguwarsu su faɗi halin iskarta. An kuwa yi haka a Ingila a farkon shekarun 1970, yara dubbai suka aika da abin da suka gani, aka haɗa taswira.

Da aka rage ƙona kwal a biranen Turai, liken ya fara komowa. A 1990 masana biyu, Mark Seaward da Marie-Agnès Letrouit-Galinou, suka shiga lambun Lukzambur da lissafin Nylander. Suka tarar waɗansu iri sun sāke fitowa a jikin itatuwa, bayan kusan shekara 100 babu su. Ba don lissafin 1866 ba, da ba wanda zai san abin da ya ɓace, balle abin da ya dawo.

10. Liken da daji da yanayi

A yau ba a birni kaɗai ake amfani da wannan ma'auni ba. Iska tana ɗaukar hayaƙi ta kai shi dazuzzukan da ke nesa da kowace masana'anta. Na'urar auna iska tana da tsada, tana bukatar lantarki da mai kula da ita, ba a iya kafa ta ko'ina. Liken kuwa yana nan a jikin itace dare da rana. A Amurka, tun shekarun 1990, ma'aikatan gandun daji suka keɓe filaye da yawa cikin dazuzzuka, suna rubuta liken da ke kowanne, suna komowa bayan ƴan shekaru su gwada.

Abin da suke nema ya ƙaru. Inda ake kiwon dabbobi da yawa wuri ɗaya, ko ake zuba takin zamani da yawa, wani gas mai suna amoniya yakan tashi. Shi kuma yana ƙara wa liken rawaya ƙarfi, ya kori sauran. Ana kuma tsinko liken a kai ɗakin gwaji don a auna darma da sauran ƙarafan da ya sha. A watan Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe, iska ta kai ƙurarta har arewacin Turai. Liken ya shanye dafin, barewar ƙanƙara ta ci liken, sai da aka zubar da naman dubban dabbobi a Suwidin da Norwe. Makiyayan Sami sun yi babbar hasara.

Liken yana nuna sauyin yanayi ma. Kowane iri yana da zafi da laimar da yake so. A ƙasar Holan, binciken da aka buga a 2002 ya nuna masu son ɗumi suna ƙaruwa, masu son sanyi suna raguwa. Haka kuma akwai waɗansu iri da ba a samunsu sai a tsohon daji wanda ba a taɓa sārewa ba. In an gan su, an san dajin ya daɗe.

Amma ma'aunin yana bukatar hankali. Rashin liken ba kullum yake nuna hayaƙi ba. A ƙasashen Sahel rani yana da tsawo, iskar hunturu kuma busasshiya ce, saboda haka liken ba shi da yawa a jikin itatuwa ko da iska tana da tsabta. A kan duwatsu masu hazo kamar dutsen Kamaru da Kilimanjaro kuwa, masu kama da gemu suna reto daga rassa. A hamadar Namib, inda ruwan sama ba ya zuwa sai nadiran, hazon teku yana ciyar da filaye na liken. Don haka sai an san abin da ya kamata a samu a wuri kafin a ce wani abu ya ɓace. Hanyar sanin haka ita ce wadda Nylander ya bi a 1866: a duba da kyau, a rubuta iri da wuri da shekara, a ajiye don wanda zai zo baya.

Ma'anar kalmomi

Liken: halitta mai manne wa dutse ko ɓawon itace, wadda fumfuna da gansakuka suka haɗu suka yi.
Kwal: baƙin gawayi da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa.
Samfur: ɗan yanki na tsiro da aka busar aka ajiye don nazari.
Taska: wurin da ake adana samfuri a jere, kowanne da sunansa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi William Nylander, a wace ƙasa kuma ya mutu?
2. Waɗanne halittu biyu ne suka haɗu suka zama liken? Mene ne aikin kowacce?
3. Me Nylander ya gani a lambun Lukzambur a 1866? Me ya gani a 1896?
4. Don me hayaƙi ya fi cutar liken bisa ga itace?
5. A kan wace magana ce Nylander ya yi kuskure? Me wannan ya jawo masa?
6. Me ya sa rashin liken a jikin itatuwan Sahel ba ya nuna cewa iska ta lalace?

Aiki

Ku zaɓi tsofaffin itatuwa 5 da manyan duwatsu 5 a kewayen lakkol. Ku duba ko akwai tabo mai launi a jikinsu. Ku rubuta launinsa, da faɗinsa, da gefen da yake fuskanta, da ranar da kuka duba. Ku ba malam takardar ya ajiye wa ƴan ajin baɗi.